Sharhi kan aikin gano melanoma mai yaɗuwa a wani asibitin koyarwa na Arewa

Wannan sharhi ne a kan hidima guda ɗaya daga cikin hidimomin manyan asibitocinmu, wato binciken da ake gudanarwa domin a tabbatar ko sankarar fata da likitoci suke kira melanoma ta bar inda ta fara ta shiga wasu sassan jiki, kuma idan ta shiga, ina da ina ta kai. Na rubuta shi ne bisa abin da na gani da idona sa'ad da na yi jinyar kawuna, ƙanen mahaifiyata, a ɗaya daga cikin asibitocin koyarwa na gwamnatin tarayya da ke Arewacin Najeriya. Ba zan kama sunan asibitin ba, domin a cikin maganata akwai yabo akwai ƙorafi, kuma ba na son ƙorafin ya faɗa kan ma'aikatan da suka yi mana iyakar ƙoƙarinsu. Ra'ayina dai shi ne ilimin yana nan, likitocin sun san aikinsu, kuma sakamakon da suka ba mu abin dogaro ne, sai dai aikin a warwatse yake, babu mai riƙe da shi daga farko har ƙarshe in ba mai jinya ba, alhali wannan cuta ce da ba ta jiran kowa.

Melanoma tana tasowa ne daga ƙwayoyin halittar da suke ba fata launinta. A wurin Turawa tana da alaƙa da ƙunar rana, shi ya sa Ostireliya da New Zealand suke kan gaba a yawan masu kamuwa da ita, kuma hukumar binciken sankara ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an samu sababbin masu cutar kusan 325,000 a duniya, ta kuma kashe kusan 57,000. A wurin baƙar fata ba ta da yawa kamar haka, amma idan ta zo, galibi a tafin ƙafa take fitowa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce, wuraren da rana ba ta da ruwa da su kuma ido bai cika kaiwa ba. Ta kawuna a dunduniya ta fara, baƙin tabo ne da aka ɗauka kaushi ne irin na manomi, daga baya ya yi tudu ya fashe ya zama gyambo. Wani ƙaramin asibiti ya yanke shi ya jefar da naman, bai aika da shi ɗakin gwaji ba, kuma wannan shi ne babban rashin da muka yi tun kafin mu isa asibitin koyarwa. Gyambon ya dawo a wurin da aka yanka, sannan kaluluwa ta fito a matsematsinsa ta ƙi komawa.

Matakin farko na hidimar shi ne ganin likitan tiyata, kuma a nan ba ni da abin cewa sai yabo. Likitan bai tsaya kan ƙafar da muka kawo ƙara a kanta ba. Ya sa Kawu ya tuɓe riga da hula, ya duba fatar kansa, da cikin bakinsa, da tsakanin yatsun ƙafa, da faratan hannu ɗaya bayan ɗaya, ya lalubi wuya da hammata, sannan ya danna ƙarƙashin haƙarƙarin dama yana neman ko hanta ta kumbura. Da ya zo kan kaluluwar sai ya kama hannuna ya ɗora a kai, ya ce in ji yadda take da tauri, ba ta motsi a ƙarƙashin fata, kuma Kawu ba ya jin zafi idan an matsa ta. Ya bayyana cewa kaluluwar da ciwo yake jawowa tana da laushi da zafi kuma tana sacewa idan ciwon ya warke, amma wannan sai ƙara girma take yi. Ya kuma nuna mini waɗansu 'yan ƙurarraji baƙaƙe guda-guda a ƙwauri, tsakanin dunduniya da gwiwa, waɗanda mu a gida ba mu ba su muhimmanci ba, ya ce cutar ce ta yada zango a kan hanyarta ta zuwa matsematsi. Tambayoyinsa ma duk masu manufa ne: ko akwai tari, ko rama, ko ciwon kai da asuba tare da amai, ko jiri, ko wani sashen jiki ya taɓa mutuwa, ko akwai ciwon ƙashi da yake hana barci. Kowace tambaya tana nufin wata gaɓa da melanoma take son zuwa, wato huhu, hanta, ƙwaƙwalwa da ƙashi. Abin da ya rage armashin wannan zama shi ne ɗakin cike yake da ɗalibai, labulen kuma bai kai ƙasa ba, ga dattijo a tuɓe. Kowa ya san asibitin koyarwa ne, kuma dole ɗalibai su koya, amma neman izinin mara lafiya kafin a tara masa idanu ba ya cin kuɗi.

Daga nan sai ɗibar tsoka, wadda ita ce ginshiƙin binciken gaba ɗaya, domin duk hoton da za a ɗauka zato kawai yake bayarwa, naman da aka sa a ƙarƙashin madubin likita shi ne yake yanke hukunci. An ɗiba a wuri biyu. A matsematsi an yi amfani da siririyar allura, likita yana kallon bakinta a allon na'urar sikanin har ta shiga tsakiyar kaluluwar, ya zuƙo ɗan abin da ya zuƙo ya shafa a kan 'yan gilasai. Abin da ya fito baƙi ne wuluk, kuma na lura da yadda likitocin biyu suka kalli juna ba su ce komai ba. A dunduniya kuwa an yi allurar kashe zafi aka yanko ɗan yanki mai zurfi daga gefen gyambon, haɗe da lafiyayyar fata kaɗan. Aikin bai daɗe ba, an yi shi da tsafta, Kawu kuma ya taka da ƙafarsa ya fito.

A nan ne warwatsewar da nake magana a kai ta fara bayyana. An saka naman a cikin 'yar kwalba mai ruwan fomalin, aka manna filasta aka rubuta suna da biro, aka miƙo mini, aka ce in kai sashen nazarin tsoka da ke can wani ɓangare na asibitin, amma sai na fara biya wurin kashiya na karɓo rasit. A wurin kashiya an ce babu netwok, layi kuma ya yi tsawo, ni kuwa ina tsaye da abin da rayuwar mutum ta rataya a kansa a cikin aljihun rigata. Ban ga dalilin da zai sa asibiti mai wannan girma ya ɗora wa ɗan'uwan mara lafiya wannan amana ba, domin kwalba tana iya faɗuwa, rubutun biro yana iya gogewa, kuma wanda ya zo daga ƙauye bai san asibitin ba yana iya kwana da ita a hannu. Ma'aikacin da ya karɓa a wurina, shi kam ya cancanci yabo. Ya gwada sunan da ke kwalba da na takarda da lambar kati, ya rubuta lokacin da aka yanki naman, ya ɗaga kwalbar ya duba yawan ruwan, ya ƙara, ya ce ƙa'ida ita ce fomalin ya ninka naman kamar sau 10 domin kada cikinsa ya ruɓe. A gabana ya ja hankalin wata mata da aka aiko daga wani asibiti da tsoka a cikin ruwan gishiri, ya yi mata bayani cikin natsuwa cewa mai yiwuwa naman ya lalace, ya kuma rubuta wa asibitin da ya aiko ta takarda.

Abin da ake yi da naman a ciki ya kamata mai jinya ya san shi, domin shi ne zai sa ya fahimci dalilin jira. Ana tsane ruwan jikinsa, a dasa shi a cikin kaki ya daskare ya zama ɗan dunƙule da bai kai kwalin ashana girma ba, sannan a riƙa feƙe shi sirara, kaurin kowane yanki kamar kashi 4 cikin 1,000 na milimita, a rina, a duba. Matsalar melanoma ita ce takan yi kama da wasu cututtukan da dama a ƙarƙashin madubi, wata ma ba ta da baƙin launin ko kaɗan, kuma a ƙafar ɗan Afirka akwai masu kama da ita a ido, irin su sankarar Kaposi, da gyambon ciwon suga, da sankarar da take tasowa a kan tsohon tabon ƙuna. Saboda haka ake ƙara wani rini na musamman wanda yake kama sunadaran da ƙwayoyin melanoma suke ɗauke da su. Sanannu daga ciki su ne S100 da SOX10, waɗanda da wuya melanoma ta kuɓuce musu amma sukan kama wasu abubuwan ma, sai HMB-45 da Melan-A, waɗanda idan sun kama, zancen ya fi ƙarfi. Ana haɗa biyu ko fiye domin ɗaya ya rufe gibin ɗaya.

Rini na farko ya fito cikin lokacin da aka yi mana alkawari. Rini na musamman shi ne ya tsaya, domin an ce sinadarin ya ƙare kuma ba a san ranar da za a kawo ba, a ƙarshe sai da aka ba mu dunƙulen kakin muka kai wani ɗakin gwaji mai zaman kansa. Babu wanda ya kira mu ya sanar da mu an samu tsaiko, ko da yake sun karɓi lambar waya tun ranar farko. Hanyar sanin halin da ake ciki ita ce mutum ya zo da ƙafarsa, a buɗe babban littafin rajista a bi da yatsa. Wannan shi ne ƙorafina mafi girma a kan hidimar, domin makonnin da suka tafi a wannan jira ba na aikin kimiyya ba ne, na rashin tsari ne, kuma a cikinsu kaluluwar ta ci gaba da girma muna kallo.

Rahoton da ya fito, duk da haka, ya biya kuɗinsa. Shafi ɗaya ne, amma babu layin banza a ciki. Ya tabbatar melanoma ce irin ta tafin ƙafa, ya ce fatar samanta ta fashe, ya ƙirga yawan ƙwayoyin da aka kama suna rabuwa, ya kuma tabbatar cewa abin da aka zuƙo daga kaluluwar cutar ce dai. Ya ba da kaurin ciwon, wanda shi ne ma'aunin da wani likitan Amurka mai suna Alexander Breslow ya fito da shi a 1970 kuma har yau ake aiki da shi: daga milimita 1 zuwa ƙasa shi ne mataki mafi sauƙi, abin da ya haura milimita 4 shi ne mafi tsanani. Na Kawu ya haura 4. Abin da ya ƙara mini yarda da likitar da ta sa hannu shi ne ta rubuta ƙarara cewa tun da an taɓa yanke ciwon a baya ba a auna ba, wannan awon na abin da ya sake tsirowa ne, kada a ɗauke shi a matsayin kaurin asali. Wanda ya faɗi iyakar abin da awonsa zai iya nunawa, ni a wurina ya fi wanda ya cika takarda da tabbaci.

Ɓangaren hotuna shi ne ya fi cin kuɗi da zirga-zirga. Tun kafin mu zo, wani hoton ƙirji ya nuna ɗigo-ɗigo a huhu, har an fara zancen ɗora Kawu a kan maganin tarin fuka. Wannan ruɗani abu ne mai sauƙin faruwa a ƙasarmu, inda tarin fuka yake da yawa kuma shi ma yana kawo rama da tari da kumburin kaluluwa, kuma wanda aka ɗora a kan maganinsa na wata 6 bisa kuskure ya yi asarar lokacin da ba zai dawo ba. Likitocin asibitin koyarwar ba su yi watsi da zaton ba, ba su kuma hau kansa ba. Sun sa an gwada kakinsa da na'urar GeneXpert, ba a ga ƙwayar cutar ba, sannan suka rubuta hoton CT na ƙirji da ciki da ƙugu. Kafin hoton an gwada lafiyar ƙoda, domin ruwan da ake ɗurawa ta jijiya don gaɓoɓi su fito sarai ta ƙoda yake fita, kuma yana iya wahalar da wadda ba ta da ƙarfi. Wannan taka-tsantsan ya burge ni.

Sai dai na'urar CT ta asibitin ta lalace a lokacin, aka tura mu wata cibiya a cikin gari. Cibiyar tana da tsafta da sanyi, ba a ɓata mana lokaci ba, amma rahoton da ta bayar 'yan layuka ne da suke cewa an ga abubuwan da ake zargi a huhu, ba adadi, ba awo, ba a ce komai a kan hanta ba. Da muka koma, likitan hoto na asibitin koyarwa ya nemi faifan da aka zuba hotunan a ciki, ya zauna a gaban kwamfuta ya bi su yanki-yanki, ya auna kowane ƙullutu a huhun dama da na hagu, ya rubuta girmansa da wurin da yake, ya tabbatar hanta da ƙashin baya lafiya lau. Ya ce waɗannan awon su ne za a riƙa gwadawa da hotunan gaba domin a san ko magani yana ci. Shawarata ga duk wanda aka tura waje ita ce kada ya baro cibiyar da takarda da fim kaɗai, ya tsaya sai an ba shi faifan, ko da za a ce ya ƙara kuɗi.

Na tambayi likitan tiyata ko za a soki huhun ma a ɗebo tsoka. Ya ce da ƙullutu ɗaya ne tak da sai an soka, domin yana iya zama wani abu dabam, amma tun da suna da yawa a huhu biyu, siffarsu irin ta sankarar da ta biyo jini ce, kaluluwa ta riga ta tabbata, tarin fuka kuma an kore shi, babu dalilin jefa dattijo cikin haɗarin sacewar huhu. Haka ya ce game da hoton PET, wanda ake yi wa mutum allurar wani nau'in suga mai fitar da haske, ƙwayoyin sankara su zuƙe shi su bayyana a duk inda suke. Sinadarin nan rabin ƙarfinsa yana tafiya cikin minti 110, saboda haka dole injin da yake haɗa shi ya kasance kusa, shi ya sa galibi sai an nufi Legas ko ƙetare. Likitan ya ce hoton yana da amfani musamman idan ana shirin babbar tiyata kuma ana son a tabbatar babu wani wuri a ɓoye, amma a halin Kawu CT ya riga ya amsa tambayar. Likitan da zai hana ka kashe kuɗi a inda ba za su canja komai ba ya san halin mutanen da yake dubawa.

Hoton da ya nace a kansa shi ne MRI na ƙwaƙwalwa, ko da yake Kawu bai taɓa kukan ciwon kai ba. Dalilinsa shi ne melanoma tana cikin sankarorin da suka fi saurin kaiwa ƙwaƙwalwa, kuma takan zauna a can shiru tana ƙarama, CT bai cika ganin ƙananan ba, PET ma ba ya taimakawa sosai a nan domin ƙwaƙwalwa da kanta mai shan suga ce. Labarin tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda mutanen karkararmu suka sani ta hanyar yaƙin da cibiyarsa ta yi da kurkunu, ya nuna amfanin wannan hoto. A watan Agustan 2015, yana da shekara 90, an cire masa wani ƙari a hanta aka gano melanoma ce, hoton MRI kuma ya nuna ɗigo huɗu ƙanana a ƙwaƙwalwarsa. An gasa su da haske, aka ɗora shi a kan maganin pembrolizumab, ya rayu har ƙarshen Disambar 2024, ya rasu yana da shekara 100. Likitanmu ya ja mana kunne mu tambayi ƙarfin na'urar kafin mu biya, ya ce a nemi mai ƙarfin tesla 1.5, domin akwai masu rauni a gari da ƙaramin ɗigo zai iya kuɓuce musu, kuma a tabbatar an yi allurar ruwan da yake fito da ciwon. Ma'aikatan wurin sun yi haƙuri da Kawu ƙwarai. Sun tambaye shi ko akwai ƙarfe a jikinsa, har haƙorin Makka sai da suka duba, suka toshe masa kunne saboda ƙarar na'urar, ɗaya daga cikinsu kuma ya riƙa yi masa magana ta lasifika yana cewa, “Baba, saura kaɗan, a daure kada a motsa.” Alhamdu lillahi, ƙwaƙwalwa ta fito babu komai.

Gwajin jini na LDH, wani sinadari da ƙwayoyin jiki suke saki cikin jini idan sun lalace, shi ne mafi arha a cikin jerin, kuma shi ne aka fi mantawa da shi a ƙananan wurare. Ba ya gano cutar, amma idan ya hau yana nuna cewa nauyinta a jiki ya yi yawa. Da shi da duk sauran ake fitar da matakin cutar bisa tsarin kwamitin sankara na Amurka, bugu na 8 da ya fara aiki a 2018. Idan cutar ta tsaya a kaluluwar da ke kusa da kuma fatar da ke kan hanya, mataki na 3 ke nan, kuma tiyata tana da babban matsayi. Idan ta yi nisa, mataki na 4 ne, shi ma kashi huɗu: M1a idan fata ce ko tsoka ko kaluluwa mai nisa, M1b idan huhu ne, M1c idan hanta ce ko wata gaɓar ciki, M1d idan ƙwaƙwalwa ce ko laka. Na Kawu ya tsaya a M1b, LDH kuma bai hau ba. Waɗannan haruffa su ne amfanin duk wahalar da aka sha, domin su ne suka hana a yanke masa ƙafa a banza, abin da wasu suka riƙa ba mu shawara tun farko.

Yadda aka faɗa mana sakamakon ya cancanci a tsaya a kansa. Wasu daga cikin dangi sun so a ɓoye wa Kawu, kamar yadda muka saba, don kada hankalinsa ya tashi. Babban likitan ya saurare su da girmamawa, amma da muka shiga sai ya ja kujera ya zauna daidai da shi, ya tambaye shi da Hausa me ya fahimta game da ciwonsa, kuma yana son a yi masa bayani duka ko a yi wa 'ya'yansa. Kawu ya ce, “Likita, jikina ne, faɗa mini, ina da iyali da zan shirya.” Likitan ya faɗa masa cewa ciwon daji ne, ya kai huhu, yanka ba zai raba shi da shi ba, amma akwai abin da za a iya yi don a rage masa gudu kuma a hana shi wahala. Bai ba shi wa'adi ba, bai kuma yi masa alkawarin warkewa ba. Ya yi shiru ya bar shi ya yi salati ya share fuska, sannan ya ci gaba. Ban taɓa ganin an isar da magana mai nauyi da mutunci irin wannan ba, kuma na so a ce ɗaliban nan da suka cika ɗaki ranar farko suna nan a wannan rana.

Saura gwaji ɗaya, wanda asibitin ba ya yi sam, wato binciken sauyin da yake faruwa a ƙwayar gadon da ake kira BRAF. An gano alaƙarsa da melanoma a 2002, kuma kusan rabin melanomar fatar Turawa tana ɗauke da shi, amma a irin ta tafin ƙafa bai cika wuce ɗaya cikin biyar ba, wani lokaci sauyin a wata ƙwayar gado mai suna KIT ake samunsa. Amfanin gwajin shi ne akwai ƙwayoyin sha, irin su dabrafenib da trametinib, da ba sa aiki sai ga mai wannan sauyi. Ɗaya hanyar ita ce magungunan da suke zaburar da garkuwar jiki, pembrolizumab da nivolumab, waɗanda aka amince da su a Amurka a 2014, kuma binciken da ya haifar da irinsu shi ya ba James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018. Kafin zuwansu, mai melanoma a mataki na 4 da wuya ya shekara. A wani babban gwaji da aka fitar da sakamakonsa a 2024, kusan kashi 43 cikin 100 na waɗanda aka haɗa wa nivolumab da wani makamancinsa mai suna ipilimumab suna raye bayan shekara 10. Likitan ya yi mana adalci ya ƙara da cewa yawancin waɗanda aka yi gwajin da su Turawa ne, irin ta tafin ƙafa kuma ba ta cika jin maganin kamar tasu ba, sannan kuɗinsa a nan miliyoyin naira ne. Ya ce mu zauna mu yi shawara kafin mu biya kuɗin gwajin BRAF, domin amfaninsa ya dogara ne ga ko za a iya sayen maganin da zai nuna.

Zancen kuɗi kuwa, kowane mataki da rasit ɗinsa da layinsa, kuma babu wanda ya zaunar da mu tun farko ya lissafa mana abin da ke gaba domin mu san yadda za mu tara. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, amma manomi irin Kawu ba shi da ita. Asusun tallafa wa masu ciwon daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 ya soma ne da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, wato prostate, melanoma ba ta cikin ukun. Ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin ya rage mana wani abu a kuɗin gwajin jini, kuma mun gode, sai dai wata mai shara ce ta nuna mana ƙofarsa. Gyaran da nake roƙo ba mai tsada ba ne: ma'aikaciyar jinya guda ɗaya da za ta riƙe fayil ɗin mai ciwon daji, ta ba shi jerin gwaje-gwajen da kuɗinsu a takarda ɗaya, ta sa a yi hotuna a lokacin da ake jiran sakamakon tsoka maimakon a jera su ɗaya bayan ɗaya, ta kuma ɗaga waya idan an samu tsaiko.

Duk wanda yake da irin wannan ciwo, ko likita ya yi masa zaton sa, ina ba shi shawarar ya nufi asibitin koyarwa kai tsaye, domin a can ne likitan tiyata da na tsoka da na hoto da na sankara suke zama tare su duba fayil ɗaya, kuma wannan zama shi ne abin da cibiyoyin cikin gari ba su da shi duk kyawun gininsu. Ya tafi da mai jinya mai ƙafa da haƙuri wanda ya iya karatu, ya riƙe kofin kowace takarda, kuma ya kula da dunƙulen kakin nan, ya sa hannu ya karɓa idan za a kai shi wani wuri, ya tabbatar ya dawo, domin daga jikinsa ake yin duk gwajin da zai biyo baya ba tare da an sake yanka mara lafiya ba. Mu dai dangi sun haɗa kuɗi an aika da namu, sakamakon ya dawo babu sauyin BRAF, saboda haka aka ajiye zancen ƙwayoyin sha, aka miƙa Kawu ga likitan sankara da sashen rage raɗaɗi, tare da wasiƙa mai ɗauke da matakin cutar, da awon kowane ƙullutu na huhu, da ranar da za a sake ɗaukar hoto.